Bangon Zauren Labaran

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Malam Labaran a unguwar Congo-Russia da ke Jos ya san bangon hagu ba na jingina ba ne. Baƙo ko daga ina ya fito, kafin ya gama sallama an ce masa ya koma dama. Bangon hagun an shafe shi da baƙin fenti tun daga daidai gwiwa har inda hannun dogon mutum zai kai, kuma kullum da rubutun alli a jikinsa, layi ƙarƙashin layi: kwanan wata, lambar da mitar mota ta nuna, da abin da aka yi wa motar a ranar. Matarsa Kubra ta shafe shekara talatin da 'yan kai tana roƙon a bar ta ta yi wa zauren fenti mai haske irin na maƙwabta, har ta gaji ta bar wa Allah.

Labaran direba ne, amma in ka tsaya a nan ka rage masa daraja, kuma zai nuna maka a fuska. Shi a wurinsa direban da bai iya kwance inji ya mayar ba fasinja ne kawai da aka damƙa wa sitiyari. Gajere ne kakkaura, mai furfura a gemu, mai tafin hannu kamar bayan tukunya. Bai cika surutu ba sai in an taɓo zancen mota, to a nan sai dai in kai ka tashi.

Rubutun bangon nan gado ne. Mahaifinsa Malam Mahdi fita ne, wato mai gyaran injina, a kamfanin haƙar kuza a Bukuru, shi ke kula da manyan injinan da ke janye ruwa daga ramuka. A rumfar aikinsu akwai baƙin allo, duk wanda ya taɓa inji sai ya rubuta ranar da abin da ya yi. Labaran yana ɗan shekara goma sha ɗaya wani inji ya ƙone, saboda Malam Mahdi ya mance bai ɗaure noti ɗaya ba, mai ya tsiyaye cikin ƙasa. Babu wanda ya gani. Da hannunsa ya ɗauki alli ya rubuta cewa shi ne bai ɗaure ba. Aka dakatar da shi wata biyu, gidan ya yi wata biyun nan ana tuwo da miyar da ba ta san nama ba. Da Labaran ya tambaye shi me ya sa bai yi shiru ba, sai ya dube shi kamar ya yi tambayar wauta, ya ce, "Injin ba zai yi magana ba. In ni ma na yi shiru, wanda zai zo bayana me zai karanta?"

Da harkar kuza ta mutu, Labaran ya koma mota. Ya yi shekaru yana jan ƙaramar bas tsakanin Bukuru da Taminus, daga baya ya samu babbar mota ya riƙa ɗaukar kabeji da karas da dankali daga kasuwar Farin Gada zuwa kudu. A duk shekarun nan babu bakaniken da zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa yi wa motar Labaran juyen mai. Shi ke shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya shige ƙarƙashinta, ya fito ya wanke hannu da kalanzir, ya shiga zaure ya ɗauki alli. Ba ya wanke bangon sai ranar da ya rabu da mota.

Kayan gyara kuwa wuri ɗaya yake saye, shagon Romanus a Dilimi. Romanus mutumin Anambra ne da ya zo Jos yana saurayi ya tsufa a cikinta. Tsakaninsa da Labaran babu maganar rasit. In da ɗayansu ya nema, da ɗayan ya ɗauke shi zagi. Lokacin rikicin shekarar 2001, da Romanus ya kwashe iyalinsa ya tafi gida, makullin shagonsa a aljihun Labaran ya yi wata huɗu. A wannan rikicin ne kuma aka ƙona babbar motar Labaran, da duk takardunta a ciki. Ya yi wata takwas yana yawo ofis-ofis yana rantsuwa cewa ya taɓa mallakar mota, ana ce masa ya kawo takarda. Tun daga nan ya ɗauki takarda da tsoro. Duk wadda ta shigo hannunsa da alamar hukuma ko ta kamfani, sai ya naɗe ta a leda, ya sa a ambulan, ya tura cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Kubra, ya kulle.

Bayan haka sai tsofaffin motocin Kwatano, wannan ta mutu ya ɗauko waccan, yana ta lallaɓa su kamar majinyata. Sai a shekarar 2022, yana da shekara sittin da huɗu, ya yi abin da ya girgiza dangi: ya sayar da gidan mahaifinsa na Bukuru. Gida ne na dutse mai ɗaki biyar da bishiyar fiya a tsakar gida, kuma shi kaɗai ya rage cikin magada. Kubra ta yi kuka, ta ce ko ba komai a nan aka kai ta amarya. Shi kuma ya ce gida ba ya zuwa Abuja ya dawo da abinci, kuma yana so kafin ya mutu ya san yadda ake ji a tuƙa motar da babu wanda ya riga shi ɓata ta. Da kuɗin gidan kaf ya je wani kamfanin dillancin motoci a kan titin Bukuru ya fito da farar motar ɗaukar kaya, sabuwa dal, kujerunta a cikin leda.

Ranar da zai karɓe ta, wata ma'aikaciya mai suna Pauline ta miƙo masa makulli da wani ɗan littafi mai shuɗin bango. Ta ce, "Baba, wannan shi ne garanti naka. Shekara uku, ko kilomita dubu ɗari. In inji ya samu matsala daga kamfani, za mu canja maka kyauta. Amma duk kilomita dubu biyar ka kawo ta mu yi sabis, mu buga sitam a nan ciki."

Labaran ya leƙa garejinsu ta gilashi. Ya ga samari cikin kayan aiki masu tsabta kamar malaman asibiti, ɗaya ya jona wa mota kwamfuta yana kallo. Bakanike da fararen farata! Yaran da aka haifa bayan ya gaji da kwance inji, su ne za su buɗe masa bonet? Ya ce, "To, 'yata." Da Kubra tana wurin da ta gane irin wannan "to" ɗin, don ita ta fi kowa shan sa. Yana isa gida ya naɗe littafin a leda, ya sa a ambulan, ya kai shi akwatin ƙarfe kusa da takardar aurensu. Sannan ya wanke bangon zaure tas.

Kwana shida da zuwan motar ya zaro gejin mai ya murza abin da ya fito tsakanin yatsu biyu. Man tsararo ne, ruwa-ruwa, kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Shi kuwa ya san baƙin mai na gaskiya: mai kauri, mai lamba hamsin, wanda in ka raba yatsunka yake jan zare. Da shi ya riƙe babbar mota shekara goma sha biyu tana hawan duwatsu da kaya. Ya ce a ransa, su ma kamfanin sun koyi ha'inci, sun zuba wa motar mutane ruwa. Ya wuce shagon Romanus ya ce a ba shi lamba hamsin da filta.

Romanus ya fito ya buɗe bonet, ya nuna murfin da yatsa. "Oga Labaran, wannan mota ba irin na da ba ne. Duba nan, an rubuta lamba biyar da talatin. Shi ne mai na shi. Ina da shi a shago."

"Romanus, kai mai sayarwa ne ko mai tuƙi?"

"Ni dai na gaya maka."

"Ka gaya mini, na ji. Miƙo hamsin."

Romanus ya ɗaga kafaɗa ya miƙo. A ranar Labaran ya juye man kamfani a tsohon bokiti, ya zuba nasa, ya shiga zaure ya rubuta layin farko da hannu mai kyau. Ya yi barci da daɗi, yana jin ya ceci motarsa.

Shekara biyu da wata biyu motar tana aiki. Da sanyin safiya, lokacin da ruwan randa a Jos yake yanka hannu, Labaran ya tayar da ita ya nufi Farin Gada, a loda masa kabeji da tumatir da koren wake, ya sauka Abuja, washegari ya hawo. Littafin ya ce dubu biyar, shi bai taɓa bari ta kai ba. Tana cika dubu huɗu ya shimfiɗa buhu. Filta sabuwa kowane juye. Direbobin Farin Gada suna tsokanarsa cewa ya fi kula da motar a kan Kubra, shi kuma ya ce ai Kubra tana iya faɗin inda ke mata ciwo. Layukan bango suka kai goma sha takwas.

Wata Talata da hantsi, yana hawowa Hawan Kibo ba ma da kaya ba, sai ya ji wani ƙara a cikin injin, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana bugun ƙarfe da guduma daga ciki. Jar fitila ta kama. Kafin ya gangara gefe motar ta yi wata shaƙa ta mutu. Ya zauna riƙe da sitiyari, bakinsa a buɗe. Ya san wannan ƙaran, ya sha jin sa a motocin sakarkarun direbobi da ba sa duba mai. Inji ya buga. Amma a motarsa? Motar da ba ta wuce kilomita dubu saba'in da ɗaya ba? Ya fito ya zaro geji, mai yana nan cike. Ya sake zarowa, ya sake, har wani mai tirela da ya tsaya taimako ya ce, "Baba, ko sau ɗari ka duba, ya buga."

Aka jawo ta zuwa kamfanin. A hanya hankalinsa ya ɗan kwanta, don ya tuna da akwatin ƙarfe. Ga garanti, bai cika shekara uku ba, bai kai dubu ɗari ba. Ya ce wa Kubra kada ta damu, aikin kamfani ne ya fito, kuma su za su biya. Washegari ya sa kayansa na Juma'a, ya ɗauki ambulan, ya ce wa 'yarsa Ummusalma, wadda ke koyarwa a wata sakandare, ta raka shi saboda Turanci.

Pauline ce dai a teburin. Ya ajiye mata ambulan da hannu biyu. Ta warware ledar, ta buɗe littafin, sai da ta sa farce ta raba shafukan don har yanzu a manne suke. Ta buɗe na farko, na biyu, na uku. Ta juya har ƙarshe ta dawo.

Labaran ya ce, yana murmushi, "Kin gani? Ko ɗigon mai bai taɓa shi ba. Yadda kika ba ni haka na kawo."

"Baba," ta ce a hankali, "babu sitam ko ɗaya."

"Ai ban bari kowa ya taɓa ba."

Ta dubi Ummusalma, kamar mai neman a taya ta. Ummusalma ta jawo littafin ta karanta shafin farko, fuskarta ta canja. Ta ce, "Baba, ba don ajiya aka ba ka shi ba. Duk sabis ake cikawa. Yadda yake ɗin nan, a wurinsu yana nufin tunda ka sayi motar ba a taɓa juye mata mai ba."

Labaran ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Shi? Shi ne za a ce bai taɓa yi wa mota juye ba? Takardar da ya killace fiye da yadda ya killace lafiyarsa, ita ce yanzu take ba da shaida a kansa, kuma tsabtarta ce laifinta. Ya tuna wata takwas ɗin da ya yi yana yawon ofisoshi don ba shi da takarda. Yau ga takarda a gabansa ko lanƙwasa ba ta yi ba, kuma ba ta da amfani. Gumi ya karyo masa duk da sanyin ofishin.

Hayaniyar da ya fara ce ta fito da injiniyan garejin, wani dogon mutum mai tabarau da ake kira Datong. Ya saurara har Labaran ya gama, bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Baba, kwantar da hankali. Ba a rufe ƙofa gaba ɗaya ba. In mutum da kansa yake sabis, kamfani yana iya dubawa, in dai akwai shaida. Kwanan wata, kilomita, irin filta, irin mai. Kana da rasit?"

"Ba na karɓar rasit a wurin Romanus."

"Ka rubuta a wani wuri?"

Nan fa jinin Labaran ya dawo jikinsa. Ya gyara hula. "Na rubuta. Babu wanda na tsallake. Sai dai ba ya ɗaukuwa."

"Me ya sa?"

"A bango yake."

Pauline ta rufe baki da hannu. Datong bai yi dariya ba. Ya ce kakansa ya yi aikin kuza a Barikin Ladi, ya sha ba su labarin baƙin allon rumfar injina. Ya ce ranar Asabar zai zo da kansa ya gani, ya ɗauki hoto, ya haɗa da rahotonsa. In rubutun ya cika, zai tsaya masa.

Kwana ukun nan Labaran ya hana kowa bi ta zaure da mayafi mai kaɗawa. Ranar Asabar Kubra ta tashi da wuri ta toya wainar masa, ta yi miyar taushe, ta dafa shayi mai citta, don ta fahimci gidan Bukuru ne gaba ɗaya yake rataye a bangon da ta tsana. Romanus ya rufe shago ya zo a matsayin shaida. Ƙarfe goma Datong ya yi sallama.

Ya tsaya gaban bangon ya cire tabarau ya goge ya mayar. Layi goma sha takwas, a miƙe kamar an ja su da zare. Ya bi kwanakin da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya bi lambobin mita, yana gyaɗa kai.

"Baba, a gaskiya shekara goma sha biyar ina wannan aiki, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ko mu a gareji ba mu kai ka ba. Dubu huɗu, dubu huɗu, ko sau ɗaya ba ka makara ba."

Labaran ya dubi Kubra da ke leƙe ta ƙofar cikin gida, kallon da ke cewa kin ji ko. Ya ce, "Haka mahaifina ya koya mini."

Yatsan Datong ya matsa zuwa ƙarshen layin farko, ya tsaya. Ya sauka na biyu, na uku, ya gangara har ƙasa, ya sake hawowa. Murmushinsa ya tafi.

"Baba, wannan hamsin ɗin da ke ƙarshen kowane layi, mene ne?"

"Lambar mai. Mai kauri, na gaske. Wanda kuka zubo mata tun farko ruwa ne, kwana shida na zubar da shi. Ga shi nan a layin farko."

Romanus ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Datong ya nemi kujera ya zauna, kuma da ya fara magana muryarsa ta yi ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Baba, injinan da ka saba da su hanyoyin mai nasu manya ne. Na yanzu kuwa kamar kafar allura suke. Shi ya sa ake sa masu mai marar kauri, don ya isa sama nan take. Mai kauri, da sanyin Jos ɗin nan da safe, sai ya yi daskarar man shanu. Ka tayar da mota, inji yana juyawa, mai bai iso ba. Minti ɗaya, minti biyu, ƙarfe yana cin ƙarfe. Kullum da safe, shekara biyu. Da na buɗe injin na yi ta mamaki, mai a cike amma sama ya cinye. Yanzu na gane."

Labaran ya tsaya yana kallonsa. Ya ji kalmomin sarai, amma sun ƙi shiga. Ya ce, "Kana nufin..." Ya ɗaga hannunsa na dama ya dubi yatsun nan biyu da yake murza mai da su. Shekara arba'in da biyar yana yarda da su fiye da duk wani abin da aka rubuta. Duk safiyar da ya tayar da motar ya bar ta tana ɗumi yana shan shayi, yana jin daɗin ƙarar injin, ashe cinye kansa injin yake yi. Duk ranar da ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta da ƙauna, ashe guba yake ƙara mata. Ummusalma ta riƙo shi ta zaunar a kan tabarma. Daga bayan ƙofa aka ji Kubra ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," sannan ƙarar faranti a ƙasa.

"To yanzu," Ummusalma ta ce, "garantin fa?"

"In na tura hoton nan yadda yake, ya mutu," in ji Datong. "In ban tura komai ba, littafi babu sitam, nan ma ya mutu." Ya miƙe, ya lalubi aljihunsa, bai dubi kowa ba. "Na bar waya a mota, kuma na ajiye motar can bakin titi. Bari in je in ɗauko. Zan ɗan daɗe."

Yana fita Romanus ya zabura ya durƙusa gaban Labaran. "Oga Labaran, ka ji abin da mutumin nan ya faɗa? Ya ce zai daɗe. Alli ne fa. Alli! Tsumma da ruwa kaɗan, ka goge hamsin, ka sa biyar da talatin. Ni zan rubuta maka rasit goma sha takwas yau ɗin nan, da sitam na shago. Ni na sayar maka, laifi na ne ma, da na hana ka da ƙarfi. Abeg, gidan baban ka ne fa."

Kubra ta fito har cikin zaure, abin da ba ta yi in da baƙi. A hannunta akwai tsumman goge faranti, a jiƙe. Ta ajiye shi a kan gwiwarsa ta koma gefe, hawaye na zuba. Ummusalma ta juya fuska ga ƙofa.

Labaran ya ɗauki tsumman. Ya tashi da ƙyar ya je gaban bango. Aikin ba zai ɗauki minti biyar ba, kuma hannun da ya rubuta shi ne zai gyara, babu mai ganewa. Ya ga bishiyar fiya, ya ga ɗakin da mahaifiyarsa ta rasu a ciki, ya ga motar a garejin kamfani bonet a buɗe. Ba shi da wani gidan da zai sayar, kuma ba shi da shekarun da zai sake tarawa. Ya kai tsumman har ya kusa taɓa layin farko, ruwa yana ɗiga a kan yatsun ƙafarsa.

Sannan ya juyo ya miƙa wa Kubra tsummanta.

"Malam," ta ce, "gidan Bukuru."

"Na sani, Kubra. Ni na sayar, ni na zuba." Ya dubi Romanus. "Ka gaya mini, ban ji ba. Ba laifinka ba ne. In na goge, su canja mini inji, su rubuta cewa nasu ne ya lalace. Gobe wani tsoho irina ya murza mai a yatsa ya zuba hamsin."

Romanus ya ɗora hannu biyu a ka ya fita ƙofar gida.

Da Datong ya dawo da wayar, ya dubi bangon, ya dubi jiƙaƙƙen tsumman a hannun Kubra, ya sake duban bangon. Hamsin goma sha takwas suna nan inda ya bar su. Ya ce, "Baba, ka tabbata?"

"Dakata, bai cika ba."

Labaran ya ɗauko guntun alli daga kan taga. Ya durƙusa, don layukan sun kusa ƙasa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya danna allin da ƙarfi har ya karye, ya ɗauki rabin. Ya rubuta ranar Talatar, ya rubuta lambar mita. A inda ya saba rubuta aikin da aka yi, ya rubuta: Inji ya buga. Labaran ne ya sa masa mai ba nasa ba.

Ya dafa bango ya miƙe, ya karkaɗe allin daga yatsunsa, ya matsa gefe don kada ya tare haske.

"Ɗauki hotonka, ɗana," ya ce. "Ka tabbata layin ƙasan ya fito."